Tsanin Igiya

Bayan la'asar nakan zauna bakin Kubanni,
ruwan da bana ko gwiwar akuya bai kai ba.
Jikata Ladiyo ta jefa gwangwanin kifi a ciki,
ta ce, "Kaka, ga jirgin ɓarayi, kama shi."

Na ce, ba a kama jirgi da gaggawa, 'yar nan.
Shekara ashirin da biyu gishirin teku na cin takalmina.
Ba a tarar sa ta goshi, sa ne mai tunkuyi.
Ta baya ake bi, a lallaɓa,
ta gefen da iska ba ta duka.

Sai a kira shi a rediyo, murya a kwance:
Wane ne kai? Tutar wace ƙasa? Me ka ɗauko?
Baki na amsawa, kai kana duban cikinsa.
In takarda ta ce wayam yake,
ruwa kuwa ya kai masa wuya,
to, ruwa ba ya tsami banza.

Rage gudu. Juya. Sauko da tsani.

Tsanin igiya ne, jiƙaƙƙe, yana lilo.
Kar ka taka sai igiyar ruwa ta ɗaga ka,
wanda ya riga ta, ƙarfe biyu ke tauna shi.
Wanda ya fara hawa ba ruwansa da fuska,
hannuwa yake kallo.
Biyu su nufi ɗakin matuƙi, biyu ɗakin inji,
a tara ma'aikata a gaba, a ƙirga,
a sake ƙirgawa.
Wanda bai cika lissafi ba, shi ne abin tsoro.

Ladiyo ta ce, "Sai me?"
Gwangwaninta ya maƙale a jikin leda.

Abin da ban faɗa mata ba:
wani dare, jirgin ɗanyen man sata,
na dira ina bisimilla a hankali,
sai wani yaro cikin waɗanda muka durƙusar
ya ɗago kai, ya ce, "Yallaɓai, ɗan ina ne?"
Hausa, a tsakiyar ruwan da ba shi da gaɓa.
Na ce, Zazzau.
Ya ce, "Ni Ilu, ɗan Tudun Jukun.
Girki kawai nake musu.
Gidanmu na bayan injin niƙa, mai ƙofar langa-langa."
Hannunsa na warin albasa
lokacin da na sa masa ankwa.
Bai yi gardama ba. Da ma ya yi.

Doka ce, na sani, kuma gobe ma haka zan yi.

Shekara shida ke nan da na ajiye kaki.
Injin niƙan na nan, ƙofar ma tana nan,
an yi mata shuɗin fenti.
Sau nawa na bi ta gefen da iska ba ta duka,
na rage gudun babur, na juya,
na tsaya ina jiran abin da zai ɗaga ni.
Ni da na hau jirage ba a gayyace ni ba,
sallama ɗaya ta gagare ni.

Ladiyo ta tsamo gwangwaninta da kara,
ta zubar da ruwan ciki,
ta ce, "Kaka, babu kowa a ciki ma."
Aka kira magariba. Muka tashi.