Layi Uku

A tsibirin Samar, ana gobe guguwa,
wayar Nicanor ta fi komarsa nauyi.
Tun asuba take tsuwa cikin aljihu
kamar ɗan tsakon da aka kife da ƙwarya.

Wani ya ce ta karkata arewa, ku kwanta.
Wani ya ce ƙarya ne, ƙarfinta ya ninka.
Ga hoton gada ta rabe gida biyu,
gadar da ko a ƙasar nan ba ta.
Ga wani yana rantsuwa har da hawaye
wai teku za ta haɗiye coci da ƙararrawarsa.
Ƙanwarsa da ke aikatau a ƙetare ta turo sha ɗaya,
surukinsa ya turo na bara, bai duba rana ba,
a tsakiyarsu kuma ana tallan man gashi.

Ya karanta har idonsa ya kaɗa.
Ya san abin da kowa ya ce,
bai san ko ya ja jirginsa tudu ba.

Shi da ya san halin koma:
ka jefa ta, ta dawo maka da kowa da komai,
silifa ƙafa ɗaya, leda, kwalbar da ba murfi,
kifin can ƙasa, sai an tona.
A teku hannunsa ya iya tsinta.
A nan yatsa ne kawai ke ta zamewa.

Bayan kasuwa, gida mai shuɗiyar ƙofa,
Malama Perpetua ta miƙe ƙafar da ke ciwo.
Shekara talatin da ɗaya tana koyar da lissafi,
ba ta taɓa ba da maki don an ɗaga murya ba.
Ita ma duk sun iso mata.
Tana bin su ɗaya ɗaya, tabarau a kan hanci,
yadda take tsince tsakuwa a shinkafa.
Wa ya faɗa? Yaushe? Ya gani ko ya ji?
Ta kira tsohon ɗalibinta a tashar jiragen ruwa,
ta jira, ta sake kira.
Samari na cewa kafin ta yi magana
labari ya yi furfura.

Ƙarfe huɗu ta turo nata:

Za ta iso bayan sha biyun dare, ta gabas.
Makaranta a buɗe take, ku zo da bargo da maganin tsofaffi.
Zancen gada ban tabbatar ba, na ajiye shi.

Shi ke nan. Ba hoto, ba kiɗa.

Nicanor ya tuna wata shekara
da ta ce ruwa ba zai kai kasuwa ba, ya kai.
Washegari ta rubuta: na yi kuskure,
ga inda na yi shi.
Duk masu ihun nan, bai taɓa jin ɗayansu
ya dawo ya faɗi haka ba.

Ya kira Dodong, suka kama igiya.
Suka ja jirgin har gindin kwakwa ta uku.

Daren ya zo da abin da ya zo da shi.
Rufin kwano ya tashi kamar takarda,
yara sun yi barci a ƙarƙashin bencin aji,
tsohuwa tana jan addu'a a cikin duhu.
Kwana biyu waya ba ta ce uffan ba.
Wasu suka ce kunnensu ya huta.

Rana ta uku ta farka da ɗari huɗu da wani abu.
Yana zaune a gefen jirgin, wanda ko tsaga bai yi ba,
ya dinga turawa da babban yatsa,
ya wuce masu kuka, ya wuce masu zargi,
ya wuce mai man gashi,
har ya kai sunanta.

Rijiyar bayan coci kaɗai za a sha.
Shinkafa ranar Alhamis, inji su, ban gani ba tukuna.
Wa ya ga akuyar Dodong, mai ƙaho ɗaya?