Jirgin Ƙarfe Shida da Kwata

Yau tun la'asar muka kashe injuna,
shiru ya cika maɗaba'ar har kunne na ƙaiƙayi.
Sevgül ta shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin yanka,
ta jera kofunan shayi masu siririn ƙugu
da baklawa rabin tire,
don yaran bene sun riga mu ɗaya rabin.

Shekara talatin da ɗaya Ferit Usta
yana shaƙar tawada a wannan lungu na Karaköy.
Maigida ya yi jawabi, ya ce ashirin da tara.
Ferit bai gyara masa ba.
Mutumin da in ɗigo ɗaya ya ɓace a shafi
sai an sake buga dubu,
yau ya bar shekara biyu sun bi iska.

An ba shi agogo. Ya juya bayansa
kamar mai farautar kuskure.
Ya ce Giresun za shi, gonar ƙanwarsa,
inda ba wanda ya san aikin gaggawa.
Muka yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar.

Sai ga ɗansa da mota. Ban zaci haka ba.
Shekara tara jirgin fito ɗaya muke shiga,
na ƙarfe shida da kwata,
shi ta taga, ni kusa da mai shayi.
Ba ma hira, mun ƙarar da ita a wurin aiki.
In an iso Kadıköy dai ya ɗaga gira,
ni ma in ɗaga.

Yau wata ɗaliba ce a kujerarsa,
tana yagar gurasar riɗi
tana jefa wa tsuntsayen teku.
Ruwa ya yi launin tawadar da ba ta bushe ba.
Na sa hannu aljihu neman canjin shayi,
na ci karo da takarda ninki huɗu,
rubutunsa ne, tsaf kamar na inji:

"Injin baya in ya ƙi tashi da safe,
kar ka kira makanike.
Dafa shi ta hagu, ka ƙirga goma.
Tsufa ne kawai."

Aka jefa igiya, aka ɗaure.
Jama'a suka miƙe ana turereniya.
Girata ta ɗaga da kanta.
Ɗalibar ta dube ni,
ta gyara jakarta, ta wuce.