Mutumin da Gara Ta Cinye Sunansa

Littafin Malam Hambali ba shi da bango.
Gara ta fara daga shafin farko,
ta cinye sunan mawaƙin tas,
ta bar mana baitoci sittin da ɗoriya
a takarda mai launin kunun kanwa.

Bayan La'asar nake soke allura a hula,
in naɗe rigar da nake wa aska takwas,
in bi lungun Kakaki ina tsallake kwata
zuwa zauren da muke rabo da jemagu.
Malam ya ja baƙi, ya fasa da Hausa,
kalma-kalma, kamar mai ɓarar gyaɗa.

Balarabe ne, in ji shi, ɗan laimar gashi,
ya rigayi saukar wahayi da tsawon rai guda.
Bai iya alif ba. Ƙirjinsa ne allonsa.
Danginsa sun yi shekara goma sha ɗaya
suna kashe juna a kan rijiya ɗaya,
shi kuwa ya ce rijiyar ba ta kai jinin yaro ba.
Suka tsinke igiyar laimarsa da dare,
suka ce tafi, bakinka ya ciyar da kai.

Ya tafi da taguwa mai tabo a wuya.
Baiti ashirin ya ɓatar a kanta:
ƙafarta, haƙarƙarinta, yadda take jin ruwa
tun yana bayan duwatsu biyu.
Matar da ya bari kuwa, baiti uku kacal.
Na yi dariya. Malam bai yi ba.
Ya ce, Tanimu, abin da ya fi ciwo
ba a daɗewa ana taɓa shi.

Na ce, Allah gafarta Malam,
mutumin nan ya sha giya, ya rantse da dutse,
me ya kawo shi zauren da ake karanta Tafsiri?
Ya gyara tabaransa mai ƙafar zare,
ya ce, in ƙishi ya kai ka bakin rijiya
kana tambayar addinin wanda ya haƙa?
A bakin irinsu muke tsintar lugga.
Sauran lissafi yana wurin Mai lissafi.

Ni da ban taɓa hawa raƙumi ba,
sai dai in gan shi a Tudun Wada yana jiran wuƙa,
na haddace sunayensa goma sha bakwai,
na haddace sunan iskar da ke share sawu,
ban san me zan yi da su ba.

Sai marka ta sauka kwana huɗu ba ɗagawa.
Ran na biyar na bi ta Ƙofar Kuyambana
zan kai wa wani ɗinkinsa,
ƙafata ta karkata da kanta
zuwa gidan su Luba,
da suka tashi bara zuwa Kafanchan
ba ko sallama.

Katanga ta zauna. Azara ta yi sujada.
Ɗakin da take tankaɗe a ƙofarsa
ya zama tudu, tafasa ta tsiro a kai.
Duwatsun murhu uku ne kawai ba su motsa ba,
baƙaƙe, a zaune kamar masu zaman makoki,
wata akuya tana lasar toka a tsakaninsu.

Nan baitocin nan uku suka zo mini,
ba da Larabci ba, ba da Hausa ba.
Na tsaya har aka kira Magariba a Juma,
rigar mutane tana jiƙewa a hammatata.

Washegari Malam ya buɗe shafin ƙarshe.
Gara ta riga mu nan ma.
Ba mu san inda ya mutu ba, ko wa ya rufe shi.
Baitin ƙarshe ya tsaya a rabin hanya,
yana tambayar wani makiyayi
ko akwai ruwa a gaba.