Abin da Mai Ya Haɗiye

A Aboabo, ƙarfe biyu na rana,
kwanon rufinmu tanda ne,
mu ne masar.
Inna na kwance, ƙafa a kumbure,
mafici ya gaji a hannuna.

Sai ga Fuseini daga Magazin
da gawar firji a bayan aboboya,
da fankar motar da ta manta motarta,
da gwangwanin madara arba'in da ɗaya.
Ya ce, "Barikisu, ara mini man kwakwarki."
Na ce, "Jarina ne, ba kayan wasa ba."
Ya ce, "Ba ci zan yi ba, ba shafawa ba,
aiki zan ɗauke shi."

Galan uku.
Na rubuta a bango da gawayi, don zumunci bai hana lissafi.

Ya ɗura, ya liƙe bakunan da dalma,
ya jera su sahu-sahu cikin firjin,
ya bar rata don iska ta ratsa.
Da dare ya kwaso su tsakar gida,
ya rufe da jiƙaƙƙen buhu,
raɓa ta yi nata.
Kafin ladan ya gyara murya
man ya daskare, fari fat kamar kitsen rago.

Bayaninsa bai da tsawo:
"Mai in yana narkewa, zafi yake ci.
Yana ci, jikinsa bai ƙara ɗumi,
sai ya narke ƙaf yake cewa ya ƙoshi."
Kwabena mai walda ya leƙo ta katanga,
ya taɓa gwangwani, ya taɓa goshinsa,
ya faɗi wata magana da yaren Asante,
ya tafi ya dawo da tsohon batir a kafaɗa.

Kada in yi ƙarya, ba sanyin banki ba ne.
Iska ce irin ta gindin mangwaro
bayan yayyafi ya wuce.
Amma ranar Inna ta yi barci,
baki a buɗe, carbi ya zame ƙasa,
har la'asar ta kusa kuɓuce mata.
Aka ɗauke wuta, batir bai ji labari ba.

Mako shida muna haka.

Sai Maris ya zo da dare marar tausayi.
Siminti ya ƙi hucewa,
buhu ya bushe tun kafin sha biyu,
ko ganyen ayaba bai motsa ba.
Da asuba na girgiza gwangwani,
na ji ruwa tsululu yana amsa mini.
Zafin jiya na nan ciki,
ya nemi ƙofa bai samu ba.
Yinin ranar fanka ta yi ta dawo mana
da abin da muke gudu.

Fuseini ya zauna a dokin ƙofa
yana lissafi a bayan kwalin shayi.
Wai zai sirka da man kaɗe,
shi mai taurin kai ne, bai saurin narkewa,
bai kuma jiran sanyi mai yawa kafin ya kama jikinsa.
Kashi nawa? Sai an gwada.
Wato wani bashin.

Inna ta ce, "Ku daina harararsa, ba laifin mai ba ne.
Wanda ya haɗiye da rana,
in dare bai karɓa masa ba,
da me zai tari gobe?"
Bango take kallo, ba ni ba.
Ni da tun rasuwar Baba
ban ɗaga murya a gidan nan ba,
kasuwa, asibiti, kuɗin haya, kasuwa.

Yanzu ni ke kwasar gwangwanin da dare.
In jera su, in jiƙa buhu,
in zauna kusa da su a kan turmi
ba mai tambayata komai.
Wani daren su riga ni hucewa,
wani daren in riga su.

A bango, ƙarƙashin galan uku,
na ƙara: man kaɗe, ƙwarya biyu.
Bai biya ba tukuna.