Dusar da Akuya Ba Ta Ci

Ni na ƙera wa Sada takalman horonsa.
Shagona na bayan Ƙofar Marusa,
walda nake yi, da gyaran baro.
Ya zo hutun damina da zane a takarda:
ƙarfe biyu, kowanne kamu ɗaya da taƙi,
taya gaba, taya baya.
Na ce, wa zai hau wannan?
Ya ce, ni.

Karatun likitan dabbobi ya kai shi
ƙasar da rana kan yi yaji wata biyu.
Can ya tarar da mutane sun ɗaura katako a ƙafa
suna ratsa daji a kan dusar ƙanƙara,
tudu da kwari, kilomita hamsin,
ba inji, ba linzami,
sai huhu, sai gwiwa, sai taurin kai.
Na ukun nan da shi aka haife shi.

Ranar da labari ya iso gida
Inna Marka na tsaye da ƙwaryar awakinta.
Ta ce, dusa? A kanta yake gudu?
Mutanen nan sun san kuɗin mudu kuwa?

Na ciro boris daga mataccen injin niƙa,
na samo tayoyin gadon asibiti a wurin 'yan gwangwan.
Kullum bayan asuba sai hanyar Mani,
sanda biyu a hannu, bakinsu ƙusa,
ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan kwalta.
Yara na binsa:
ga mai tuƙa kwalekwale a tudu!
Wata Laraba ya yi karo da tunkiya.
Ya biya kuɗin ƙafarta,
shi kuma ɗinki biyar a haɓa.

Gasarsa ta farko, ya faɗa mini,
ya iso ana naɗe tutoci.
Wata tsohuwa ce kaɗai ta jira shi
da kofin abu mai zafi, mai kama da zoɓo.
Bai san sunanta ba har yau.

Shekara tara yana yi.
Bai taɓa ɗaga kofi ba, kada in yi masa ƙari.
Mafi kyawunsa, na arba'in da ɗaya
cikin tamanin da bakwai.
Mun kalla a wayar Iro mai caji,
mu goma sha ɗaya, kai a kan kai.
Hoto ya gifta ta kansa kamar ƙiftawar ido:
gemu fari fat da ƙanƙara,
ɗan shekara talatin ya koma dattijo,
baki buɗe, yana cin iska kamar zugazugi.
Iro ya yi kabbara, data ta ƙare.

Sanyi ya karɓi yatsu biyu na ƙafar hagu.
Gwiwa ta ce ita ma a sallame ta.

Yanzu shanu yake yi wa allura,
yana buɗe bakin raguna yana duba haƙora.
Katakan na gaske suna rataye a shagona,
sirara, dogaye, sun fi ni tsawo.
Wani kafinta ya taya su, wai zai yi dogarin ƙofa.
Na ce ba na sayarwa ba ne.

Bara, farkon damina, aka yi ruwa da ƙanƙara.
Kwano na ta ihu kamar ana jifan sa.
Kowa ya ruga rumfa,
Sada ya fita ba takalmi,
yatsunsa takwas a cikin taɓo,
ya tsinci cikin tafi guda
ya riƙe har ta bi ta gwiwar hannunsa.

Na ce, irin ta can ce?
Ya daɗe bai amsa ba.
Ya ce, a'a, Mati.
Waccan idan tana sauka
ba ka jin komai.