Kwalba Mai Lamba Ɗari Biyu Da Bakwai

Da sassafe nake buɗe ɗakin gwaji,
kafin 'yan adaidaita su cika Ƙofar Mata da hon.
Safar hannu, auduga, igiyar roba, allura.
Shekara sha ɗaya ina laluben jijiya a hannun da ya rame,
ina ɗibar abin da ba nawa ba, jini.

Barira ta zo daga Kurna, riƙe da ɗanta Mudan,
idonsa rawaya kamar an wanke shi da gangamau,
sikila ta kwana tana tauna masa gwiwa.
Takardar masu bincike shafi huɗu ce da Turanci,
na dunƙule mata ita cikin numfashi uku.
Ta ce, "In na dangwala, zai daina kukan dare?"
Na dubi tawada, na dubi yaron,
na ce, "Ba yau ba. Yanzu dai ana neman sani."

Ta dangwala.

Kwalbar ta samu gatan da mai ita bai taɓa samu ba:
akwatin ƙanƙara, janareto nata na kanta,
mota mai sanyi har bakin jirgi,
ba wanda ya tambaye ta biza.
Shi kuwa ya koma lungunsu a matse,
gidan ba wuta tun Talata,
ana yi masa fifita da murfin kwano a tsakiyar rani.

Sun ce a jikin kowa akwai rubutu,
baƙi bayan baƙi, gadon kaka da kakanni,
wanda ya iya karanta shi
zai ɗinka maka magani daidai jikinka,
kamar telan Fagge da tef a wuya.
To, mu gwanjo muke sawa,
irin na Ƙofar Wambai, wanda aka auna a kafaɗar wani.

Na ga Malam Ɗayyabu mai gyaran rediyo,
an rubuta masa ƙwaya yadda littafi ya ce,
kwana tara jini ya ɓalle masa ta hanci yana alwala.
Likita bai yi kuskure ba, littafin ma bai yi ƙarya ba,
sai dai ranar da ake awo
ba mai kama da Ɗayyabu a kan mizani.

Bara na gani a waya, wai an kai ga gyara baƙin da ya karkace,
a can, inda kwalabenmu suka sauka.
Na yi hamdala, wallahi na yi.
Sannan na ga kuɗin.
Na sayar da gidan su Barira a zuciyata,
na haɗa da na maƙwabta, da keken ɗinkinta, da tunkiyar layya,
lissafi bai ko hau matakin farko na tsani ba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
ashe har a ɗakin gwaji karin maganar na da mazauni.

Jiya Mudan ya dawo ƙarin jini, ya yi tsawo, ya shiga aji shida.
Yana miƙo hannu ba tare da an ce ya miƙo ba.
"Anti, da gaske jinina ya hau jirgi?
Ya ga teku? Yaushe zai dawo?"
Na ɗaure igiya, na ce ya dunƙule hannu,
na rasa ta inda zan fara bayani.

Ban ce a daina bincike ba.
Wanda ya ba da iri dai, a tuna da shi ranar ɗaurin dami.
Ran Alhamis masu takarda za su sake zuwa da sabbin kwalabe.
Ina da ƙaramin littafi a aljihun farar rigata,
kowace lamba na rubuta sunan mai ita a gefe, da unguwarsu.
Kafin a ba ni allura zan buɗe shi a kan tebur,
in fara karantawa daga Mudan,
in ga wa zai iya kallon idona, ya ce in tsaya, ni.