Wa Zai Cire Hula?

Shekara talatin da biyu ina karar Maigatari,
tun ina riƙe wa Baba Tambai igiya.
Shi ya koya mini duba haƙori,
da shafa tozo, da leƙen ƙasan ido,
da yin shiru in Bafillace ya yi shiru.

Alhamis ɗin da ta wuce
Nazifi ɗan ƙanwata ya zo da waya.
Ya ɗaga ta gaban wani jan rahaji,
ya ɗau hotonsa ta gaba, ta gefe,
kafin in tofar da tukar goro
ta faɗi nauyi, ta faɗi kuɗi.
Tsakaninta da abin da ke bakina
bai kai kuɗin ɗan akuya ba.

Ban ce uffan ba.
Cikina ne ya ɗuri ruwa.

Wai ƙirƙirarriyar basira sunanta.
Ba ta shan fura, ba ta jiran la'ada,
ta san farashin Legas kafin tirela ta tashi,
ta san yadda sefa ta kwana.
Na yarda, ba ta yin ƙarya don ɗan'uwa,
mu kam mun yi, Allah ya yafe mana.

Amma ta san abin da ya fito da Arɗo Manu
da saniyar da ya rantse ba zai sayar ba?
Ni na sani. Matarsa na kwance a asibitin Gumel.
Shi ya sa na ja mai saye gefe,
na ce ƙara dubu ashirin don Allah.
Ya ƙara, ban karɓi ko sisi ba.
A wane hoto wannan zai fito?

Bara na sayar da sa mai ciwon huhu ban sani ba,
aka kai ni gaban Sarkin Kara,
na cire hula, na biya, na sha kunya.
Gobe in ita ta yi kuskure
a wace rumfa za a same ta?
Nazifi ya ce masu ita suna ƙetaren teku,
ko sunan garinsu bai iya faɗi ba.

Ban ce a kore ta ba.
Babur ya zo, jaki bai kai ƙara ba.
Amma ko mudu a kasuwar nan
akwai mai duba ko an buge masa gindi.
Wanda zai rubuta mata doka a Dutse ko Abuja
ya zo Alhamis ɗaya, ya tsaya cikin kashin shanu,
ya ƙirga bakin da ke rataye da igiya guda:
mai ja, mai ɗauri, mai lodi, mai ruwa,
da Kande mai tuwo da ke bin mu bashi duka.

Jiya da dare na ce wa Nazifi
ya nuna mini inda ake dannawa.
Yatsana ya yi kaushi, gilashin bai ji shi ba.
Ya yi dariya, ya kama hannuna ya ɗora
kamar yadda Baba Tambai ya ɗora shi a tozo.